Gonar da Kawu Ya Saya da Jakinsa

Garinmu ƙarami ne, kudu da Dungas. In mutum ya tashi da hantsi, kafin azahar ya kai tangaraho, ƙarfen nan da Nasara suka kafa cikin daji don raba ƙasar Faransi da ta Ingilishi. Gero da wake muke nomawa, masu hali kuma suna da 'yan shanu. Ban daɗe da aure ba aka zo ɗibar soja, aka tafi da maigidana tare da wasu samarin garin. An ce yaƙi ya tashi a ƙasar Nasara. Ya bar ni a gidansu da surukata da ƙannensa, da ɗiya mace a bayana, ko zama ba ta fara ba.

Da damina ta zagayo sai labari ya zo daga kasuwar Dungas cewa Jamus sun ci Faransi da yaƙi a cikin ƙasarsu. Mun yi zaton sauƙi ya zo, ashe tsananin ne ya fara. Aka rufe iyaka, fataucin Kano ya tsaya. Tufafi suka ƙare a jikin mutane, har ya zama a wani gidan zane guda ne na fita, wadda za ta rijiya ita ke ɗaurawa, sauran su zauna a ɗaka har ta dawo. Ga lanho, wato harajin Faransi, ga rumbun tsimi da ake tilasta mana zuba gero a ciki, mu ba mu da ikon buɗewa. Ga aikin dole a hanyar Magariya, mutum ya tafi da ƙibarsa ya dawo ana ƙirga haƙarƙarinsa. Shanu ma an fara kora, wai abincin soja.

Sai mutane suka fara ƙetarawa zuwa ƙasar Ingilishi. Ba a sallama, ba a yi wa kowa ban kwana, don kada a tambaye ka ka faɗa. Da safe ne kawai za ki je rijiya ki ga wadda kuka saba jan ruwa tare ba ta zo ba. In kin biya ta ƙofar gidansu sai ki tarar da asabari a ɗage, toka ta huce a murhu, turmi a kife don ya yi nauyin ɗauka, kaji suna yawo cikin ɗaki. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne lugude. Da, in gari ya waye, ƙarar taɓare ke tashi daga kowace kusurwa har ba ka jin maganar na kusa da kai. Sai ta yi ta raguwa. Wata safiya na ɗaga taɓarya na buga, na ji amon ya tafi har bayan gari ya dawo mini, ba wanda ya amsa. Na ajiye na zauna.

Uwata ta rasu tun ina ƙarama, ubana ya bi ta, wanda ya rage mini shi ne yayanta, Kawu. Tsohon soja ne. An ɗebe shi tun yana saurayi, ya yi shekaru a Maroko, ya dawo da gwiwar hagu a sandare saboda harsashi. Matarsa ta rasu, 'ya'ya ba su tsaya masa ba. Yana da jaki guda, fari, mai haƙuri, shi ne ƙafafunsa. A kansa yake zuwa rijiya da kasuwa da gona. In ya sauka kuma sai ya zauna gindin tsamiyar bakin masallaci yana tufka igiyar kaba.

Mutane suna son zama wurinsa saboda labarai, amma ba na yaƙi ba, wannan ba ya taɓa shi. Labaran annabawan Bani Isra'ila yake bayarwa. Ya ce bayan an harbe shi, sai aka mai da shi gadin ƙofar bariki. A bakin ƙofar akwai wani tsoho Bayahude, baduku, mai gyaran takalman soja. Duk yini suna tare, da ɗan Larabcin da Kawu ya tsinta suke hira. Tsohon ya gaya masa yadda aka ƙone birnin kakanninsu, aka kwashe su bayi zuwa wata ƙasa, da abin da annabawansu suka riƙa faɗa musu kafin abin ya faru da kuma bayan ya faru. Kawu ya haddace, ya dawo da shi gida. Limaminmu, dattijo ne mai taka-tsantsan, ba ya hana shi. Yakan ce labarin mutanen can ba a gaggawar gaskata shi, ba a kuma gaggawar ƙaryata shi, annabawan dai na Allah ne.

Wata la'asar na kai wa Kawu fura, na tarar da maigari ya dawo daga Magariya, maza sun kewaye shi. Na durƙusa gefe ina dama furar, kunnena yana wurinsu. Maigari ya ce kumandan, Nasaran da ke mulki a can, ya ji labarin masu gudu, kuma zai zo da kansa kafin ruwa ya sauka. Duk gidan da aka tarar ba kowa za a sa masa wuta. Duk namijin da ya gudu, za a ɗauki wani a madadinsa daga waɗanda suka rage.

Sai wani maƙeri, mutum mai zafin rai, ya juya ga Liman ya ce, "Allah gafarta Malam, ni abu guda ke damuna. Muna salla, muna azumi. Waɗannan ko tsarki ba su sani ba. Me ya sa Allah ya ɗora su a kanmu?"

Kawu ya riga Liman amsawa. Bai ɗaga kai daga igiyarsa ba ya ce, "Mutanen can ma sun yi wannan tambaya. Wani sarki ya taso musu daga gabas, ba garin da ya tsaya masa, har ya fara cewa ƙarfinsa ne. Sai annabinsu ya ce musu wannan sarki gatari ne kawai. Akwai hannun da ke riƙe da shi. In saran ya ƙare, gatarin ma za a jefar da shi."

Maƙerin ya ce, "Wato kana nufin Allah ne ya aiko mana kumandan?"

"To wa kake so ya aiko shi? In ba Allah ne ya kawo shi ba, ashe akwai wani mai iko a duniyar nan ke nan, kuma ba mu san wanda za mu roƙa ya tafi da shi ba. Ni na fi son ya zama Allah ne. Wanda ya kawo shi ya san ranar tafiyarsa."

"Yaushe ce ranar?"

"Wannan ba a gaya mini ba."

Maƙerin ya tashi yana kakkaɓe riga, ya ce mai jiran rana ya jira, shi yana da 'ya'ya maza. Maigari ya roƙi Kawu ya rage irin wannan magana, don iska tana kai zance Magariya. Ba a yi mako ba maƙerar ta yi sanyi, aka wayi gari ba shi ba iyalinsa.

Ba da jimawa ba abin ya iso gidanmu. Ƙanin maigidana ya kai munzalin da ake ɗiba, kuma shi ne babba a gidan yanzu. Suka yanke shawarar tafiya. Matsalar ita ce surukata, ƙafafunta sun kumbura, ba za ta iya takawa har tangaraho ba. Sai yaron ya ce in raka shi wurin Kawu ya roƙi aron jaki.

Kawu ya saurare shi har ya gama, ya ce, "Aro ai sai abin da za a mayar. Wa zai dawo mini da shi? Ba na ba da aro, amma ina sayarwa. Gonarku ta kwari, wadda ke da gawo a tsakiya, ita nake so."

Yaron ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Ya ce, "Baba, ai gona ka ɗauke ta kyauta. Ga gonaki nan birjik an watsar, ka zaɓi wadda ka ga dama. Wa ke sayen gona a garin da za a ƙone?"

"In na karɓa kyauta, na yarda ke nan ba ta da daraja. Ciniki za mu yi, da rana tsaka, a gaban shaidu. Je ka kira mini Liman da maigari."

Suka zo. Maigari yana ta waige-waige, Liman ya tambayi Kawu ko lafiyarsa ƙalau, gurgu ya rabu da jakinsa a irin wannan lokaci. Kawu ya ce akwai wani daga annabawan nan da ya yi haka. Maƙiya sun kewaye birninsu, yunwa ta shiga, shi kuma yana tsare a gidan sarki saboda ya ƙi yi wa mutane ƙaryar cewa za su ci nasara. A cikin wannan hali wani ɗan'uwansa ya zo masa da tallar gona, gonar da sojan maƙiya ke kwance a cikinta. Allah ya ce masa ya saya. Ya saya, ya biya cikakke, ya kafa shaidu, don mutane su san cewa wata rana za a sake sayen gonaki a wannan ƙasa.

Liman ya ce, "To, mun shaida." Aka shafa fatiha. Kawu ya kwance igiyar jakin da kansa ya miƙa, ya gaya wa yaron cewa jakin ba ya son a doke shi a kunne.

Da muka koma gida surukata ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Ki haɗa 'yan komatsanki, ɗiyata."

Na sunkuyar da kai na ce, "Inna, ku yi mini gafara, zan zauna."

"Ki zauna da wa? Da kuraye?"

"In ya dawo, wa zai tarar?"

Ta daɗe tana kallona. Na san abin da ke ranta, ta riga ta fid da rai da ɗanta, amma ba ta iya faɗa. Ta miƙo hannu ta karɓi jikarta, ta riƙe ta a cinya tana shafa mata kai. Ta ce da an yaye ta da ba za ta bar mini ita ba. Suka tafi a ranar kasuwar Dungas, kamar masu zuwa cin kasuwa, sai a hanya suka karkata kudu. Ba maganar Kawu ce ta zaunar da ni ba, a lokacin ni ma ina ganin kamar tsufa ya fara taɓa masa kai. Na dai san in na ƙetara, kowa zai fara kallona a matsayin wadda mijinta ya mutu, ni kuma ban shirya ba. Ga shi kuma tsohon ba jaki, ba mai ɗebo masa ruwa. Na ɗauki ɗiyata na koma gidansa.

Bazarar nan ban taɓa ganin irinta ba. Garin ya zama na tsofaffi da mata kaɗan da makafi biyu. Rairayi ya fara cika ƙofofin gidajen da aka bari. Ungulaye suka riƙa sauka kan jinkaye, suna zaune shiru kamar masu jiran a kira su. Da safe mukan ga sawun kura har bakin masallaci. Karnukan da aka bari suka haɗa garke, suka daina sanin mutane. In rana ta take, ba abin da ake ji sai ƙarar darni yana karyewa shi kaɗai. Duk ƙurar da ta tashi daga yamma sai mu miƙe tsaye, mu ce ga su kumandan nan, sai ta zama guguwa.

Kawu kuwa kullum da sassafe sai ya ɗauki sanda da adda ya ja ƙafa zuwa kwari. Tafiyar da yaro zai yi kafin ruwa ya tafasa, shi sai rana ta ɗaga ya isa. A zaune yake sassabe, ya sare sabara, ya ja jiki gaba, ya sare ta gaba. Ni kuma ya sa ni kwasar taki daga turakun shanun da aka bari, ina kaiwa a kwando. Wata rana na gaji, wuyana kamar zai karye, yarinyar tana ta kuka a baya, na sauke kwandon da ƙarfi a gabansa.

Na ce, "Kawu, annabin nan da ya sayi gona, birnin nasu ya tsira?"

Ya ce, "A'a. An ci shi, an ƙone shi ƙurmus."

"Shi fa?"

"An tafi da shi wata ƙasa ba da son ransa ba. Can ya rasu."

"Ya ci amfanin gonar?"

"Ko zangarniya guda."

"To, don Allah mene ne amfanin wannan wahalar da muke sha?"

Ya ajiye addar ya share fuska. Ya ce, "Ɗiyata, ni ma haka na tambayi badukun nan. Ya ce mini an koma. Ba shi ba, ba kuma waɗanda suka yi masa dariya ba, jikokinsu ne. Sarkin da ya ƙone birnin, wani sarki ya zo ya ci nasa birnin, ya ce kowa ya koma gida. Annabawan nan ba su taɓa ce wa mutane wuta ba za ta zo ba. Masu faɗin haka su ne maƙaryata, kuma su aka fi so. Na gaskiyar cewa suke wuta za ta zo, amma ba ita ce magana ta ƙarshe ba, don ba mai wutar ke da ƙasar ba."

Amsar ba ta sanyaya mini rai ba. Na ji dai ya gaya mini a fakaice cewa garinmu zai ƙone. Na ɗauki kwandon na koma turke.

Sun zo da hantsi, ranar da hadari ya fara haɗuwa a gabas. Kumandan a kan doki, tafinta a gefensa, sojoji masu jar hula a baya. Aka tara mu gindin tsamiya, ba mu cika inuwarta ba. Ban taɓa ganin Nasara kusa haka ba. Na zaci ƙato ne, sai na ga saurayi siriri, idanunsa sun yi rawaya da zazzaɓi. Ya tambayi maigari ina mutane, maigari ya ce sun tafi cin rani. Tafinta bai gama juyawa ba wani soja ya kwaɗa wa maigari bulala a wuya.

Sai ga Kawu ya fito daga gida sanye da tsohuwar rigarsa ta soja, wadda ban taɓa ganin ya sa ba. Ya dogara sanda ya ƙame, ya sara wa kumandan, ya yi masa magana da Faransancin bariki. Kumandan ya saki fuska kaɗan, ya tambaye shi inda ya yi yaƙi, ya gaya masa. Sa'an nan kumandan ya ce, tun da Kawu soja ne ba zai yi ƙarya ba, ina mutanen garin?

Kawu ya dubi tafinta ya amsa da Hausa, don mu ma mu ji. Ya ce, "Sun tafi inda ba za a ɗebe musu 'ya'ya ba. Ka gaya masa ni ban ga laifinsu ba. Ka kuma gaya masa na ji garinsu ma yana hannun baƙi yanzu, uwarsa tana can ƙarƙashin wasu masu bindiga. Ina yi masa jaje. Wanda ya ba su mu, shi ya ba da su ga wasu. Kada ya sa wutar nan."

Tafinta ya tsaya, bakinsa a buɗe. Kumandan ya daka masa tsawa, ya ce ya juya maganar. Ya juya, ban san ko duka ba. Na ga fuskar Nasaran ta yi ja har wuya. Ya ɗaga wa sojojinsa hannu kawai.

Suka bi gida gida da bakin wuta. Jinka da darnin da suka sha rana ba sa jiran a roƙe su. Iskar hadarin nan ta taso ta kwashi wutar, ba ta tambayi gidan da ke da mutane da wanda babu ba. Muka yi ta jan tsofaffi da makafi zuwa fili. Rabin gari ya tafi kafin azahar, har rumfar masallaci. Gidan Kawu ya tsira don yana gefe, iska ta ba shi baya. Ungulayen suka tashi sama suna kewaya hayaƙi. Hadarin kuma ya watse, ko ɗigo bai sauka ba.

Suka ɗaure maigari da 'yan mazan da suka rage masu sauran ƙarfi, suka haɗa da Kawu. Na bi su da gudu ina roƙon sojan da ke riƙe da igiya, na ce gurgu ne, ba zai kai Magariya da ƙafa ba. Ya ture ni. Kawu ya waigo ya ce, "Irin yana cikin tulun da ke bayan gadona. In ruwa ya sauka kada ki jira ni."

Ruwan ya yi jinkiri har muka fara cewa shi ma ya ƙaura. Ranar da ya sauka, toka ta zama baƙin taɓo, garin yana warin gobara. Na ɗauki tulun iri na tsaya a ƙofar gida, ban san yadda zan yi ba, shuka ba aikin mutum guda ba ce, sai da mai sara da mai binnewa. Sai ga Liman da sungumi a kafaɗa. Rabon hannunsa da sungumi tun kafin a haife ni, almajiransa ke yi masa noma, su kuma duk sun ƙetare.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ai da ka bari."

Ya ce, "Ni na shaida cinikin. Mu je."

Muka ratsa ta cikin kangayen da suka ƙone. A ƙofar maƙera ya tsaya yana kallo. Ya ce mini mu ma a karatunmu akwai wani bawan Allah daga mutanen can, ya biyo ta wani gari da ya rushe, rufinsa a ƙasa, ya ce ta yaya Allah zai rayar da wannan? Sai Allah ya ɗauki ransa shekara ɗari, ya tashe shi, ya nuna masa ƙasusuwan jakinsa suna haɗuwa, nama yana rufe su. Liman ya ce ya karantar da wannan sau da yawa, amma bai taɓa tsayawa cikin garin ba sai yau. Muka isa kwari. Yana sara yana haki, ina zuba iri ina rufewa da diddige. Wasu tsofaffin mata suka gan mu suka biyo. Ba mu shuke gonar duka ba, ƙarfinmu bai kai ba.

Gero ya kai gwiwa aka sako Kawu daga kaso. Wani mai takarkari da ke zuwa Dungas ne ya ji tausayinsa ya ɗoro shi. Da ƙyar na gane shi. Ƙafar mai lafiya ma ta ruɓe a tafiyar da aka ja shi, ƙirjinsa yana kuka in ya yi numfashi. Maigari da sauran an wuce da su aikin hanya. Bai ƙara fita daga ɗaki ba, gonar ma bai gan ta ba, sai dai kullum ya tambaye ni inda geron ya kai, in nuna masa a jikina.

Wata rana ina ba shi kunu na kasa daurewa, na ce, "Kawu, maigidana zai dawo?"

Ya ce, "Ban sani ba, ɗiyata. Ni ba annabi ba ne, labarinsu kawai na ji. Ba zan yi miki ƙarya don ki ji daɗi ba. Inda yake dai, ba a hannun Faransi yake ba, ba a hannun Jamus ba."

Ya sa na kira Liman, ya ce ya shaida gonar kwari ya ba ɗiyata, halak malak. Ya rasu gero yana fid da kai. Babu ƙyallen likkafani a garin ko na tafin hannu. Wata tsohuwa ta ce a sa shi cikin rigar sojan, Liman ya ce a'a. Ya warware rawaninsa, shi ke nan gare shi, aka wanke aka yayyanka. Daga ranar da hula kawai yake jan salla. Mazan da suka rage ba su isa ɗaukar makara ba, sai da aka aika wata rugar Fulani aka samo masu taimako.

Gonar ta yi abin da ta yi. Masu jar hula suka zo da kaka suka auni na rumbun tsimi. Abin da ya rage muka haɗa da tafasa da yaɗiya, shi ya riƙe mu, mu 'yan kaɗan ɗin nan, har wata damina. Makahon guda da tsofaffi da dama ba su kai ba. Shekarun da suka biyo ma ba su fi wannan sauƙi ba.

Da yaƙi ya ƙare, ɗaya daga samarin da aka ɗiba tare da maigidana ya dawo. Ya zo ya durƙusa a ƙofar gida ya kasa ɗaga kai. Ya ce Jamus sun kama su tun farko, aka tsare su a wani sansani mai sanyi, ciwon ƙirji ya kama maigidana, shi ya rufe masa ido. Da na lissafa, ya rasu tun kafin a yi cinikin gonar. Na yi takaba, na fita. Ba da daɗewa ba aka yi shela a kasuwar Dungas cewa an hana aikin dole. Ba wanda ya yarda da farko, sai da aka ga rani ya wuce ba a zo ɗibar kowa ba.

Waɗanda suka ƙetara ba duka suka dawo ba. Surukata ta rasu a can, 'ya'yanta suka yi aure suka zauna. Maigari ma bai dawo daga aikin hanya ba. Gefen yamma na garin har na tsufa kufai ne, tumfafiya ce ke fitowa.

Waɗanda suka fara dawowa iyalin maƙeri ne, ban da shi, ya rasu. Wata safiya na ji sallama, na fito na ga matarsa, ta rame, furfura ta cika mata kai, da tsingaro a hannu. Muka riƙe juna muka yi kuka, muka yi wa juna gaisuwar waɗanda suka rasu. Ta ce wuta ta zo ɗiba, 'ya'yanta suna bakin rijiya da kaya, tun jiya ba su ci ba. Na zuba mata garwashi. Ta fita, ta yi taku kaɗan, sai ta tsaya tana dube-dube. Ta juyo ta ce, "Ni fa ban gane inda gidanmu yake ba."

Na kama hannun ɗiyata muka bi ta. Muka yi ta kewaya cikin ciyawa da rairayi, tana kare garwashin da tafin hannu don kada iska ta cinye shi. Ta ce nan ne, na ce a'a, nan gidan masu shanu ne, naku yana gaba da kurna. Kurnar ma ta ƙone, sai kututture. Daga nan muka auna da ido, muka durƙusa muna tona rairayi da hannu, har yatsuna suka ci karo da dutse, baƙi, sa'an nan na biyu, sa'an nan na uku, duwatsun murhunta. Ta share su da gefen zanenta, ta ce wa yarinyar ta je ta kira mata 'ya'yanta su zo da itace.